Tambaya da amsa: yaya zan tsare asusuna na Free Fire kar a sace shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a unguwar Bukoki, nan Yamai. Shekarata uku ina buga wasan waya na Free Fire, na kashe fiye da jaka 15 wajen sayen lu'ulu'u, wato kuɗin cikin wasan. Makon jiya aka ƙwace asusun abokina na fada, ya shiga ya tarar an canza komai. An ce mini in sa tsaro mai mataki biyu, amma na duba cikin wasan ban ga wurin ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya mayar wa abokinka da alheri. Shekara uku ba kwana uku ba ce, kuma na san kuɗin nan daga kuɗin kashewarka ka matso su, saboda haka tambayarka ta cancanci amsa a tsanake.

Dalilin da ya sa ka rasa wurin shi ne ba a cikin wasan ƙofar take ba. Free Fire, wanda kamfanin Garena ya fitar a 2017, yana jingina asusun ɗan wasa ne da Facebook ko Google ko makamancinsu. Duk wanda ya shiga Facebook ɗinka ya shiga wasanka. Can za ka kulle. Ka fara duba da me ka haɗa naka. In har yanzu a matsayin baƙo kake bugawa, abin da wayarka ke rubutawa « invité », to asusun a cikin wayar kawai yake zaune, ranar da ta faɗa ruwa ko aka zare ta daga aljihunka a kasuwar Katako, da wuya ka sake ganinsa. Ka haɗa shi yau, kafin komai.

Tsaro mai mataki biyu ma'anarsa kalmar sirri kaɗai ba ta buɗe ƙofa. Bayan ita sai an kawo wata lamba da ke fitowa a wayar da ke hannunka. Ɓarawo yana iya samun kalmar daga nesa, amma wayarka tana tare da kai.

Kafin ka kunna shi, ka share gidan tukuna. Mutane da yawa suna tsallake wannan, kuma yana damuna, domin in wani ya riga ya shiga, sabon kwaɗon ba zai fitar da shi ba. Ka canza kalmar sirrin Facebook ko Google ɗin zuwa wadda ba ka amfani da ita a ko'ina, ba lambar wayarka ba, ba shekarar haihuwarka ba. Ka duba jerin na'urorin da asusun ke buɗe a kansu, ka fitar da duk wadda ba ka gane ba, har da wayar abokin da ka taɓa ara ka shiga. Ka tabbata imel da lambar wayar da ke jikin asusun naka ne.

A Facebook, ka shiga Paramètres, sai Espace Comptes, sai Mot de passe et sécurité, nan za ka ga Authentification à deux facteurs. A Google kuwa, cikin Sécurité za ka sami Validation en deux étapes. Sukan ɗan sauya wurin lokaci zuwa lokaci, amma sunayen nan su za ka nema.

Za a ba ka zaɓi tsakanin saƙon waya da manhajar lambobi. Shawarata ka ɗauki manhaja, irin Google Authenticator. Ga dalili. Saƙon waya ya dogara da layinka, kuma ka san halin layi a wurinmu: samari da yawa da katin shaidar yaya ko na baba aka yi wa layinsu rajista, in ya ɓace ba sa iya karɓo shi da kansu. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma ana iya rufe shi, daga baya a bai wa wani lambar, saƙonninka su riƙa zuwa hannun baƙo. Ga matsalar rezo in ka je ƙauye hutu. Ita manhajar ba ta bukatar rezo ko intanet. Ranar da ka haɗa ta, ita da Facebook suna ajiye wani mabuɗin sirri iri ɗaya, kowannensu yana haɗa shi da lokacin agogo ya fitar da lamba mai alƙaluma 6, wadda ke canzawa duk daƙiƙa 30. Shi ya sa in agogon wayarka ya kauce, za a yi ta ƙin karɓar lambar. Ka bar agogon yana saita kansa. In wayarka ba ta da wurin ƙarin manhaja, ka sa na saƙon, ya fi babu nesa ba kusa ba, amma da layin da ke da rajista da sunanka.

Sai lambobin ko-ta-kwana. Google yana ba da guda 10, kowacce sau ɗaya take aiki, Facebook ma yana da irinsu. Su ne za su cece ka ranar da wayar ta ɓace. Ka rubuta su da biro a takarda, ka ajiye wurin da kake ajiye takardar haihuwarka. Kar ka ɗauki hotonsu ka bari a wayar, tare za su tafi.

Yanzu abin da na fi so ka riƙe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan galibi mu ne muke yin ta da hannunmu. Ana turo mahaɗi a rukunin WhatsApp, wai lu'ulu'u kyauta ko kayan sawa na musamman. Ka taɓa, shafi ya buɗe kamar na Facebook sak, ka rubuta kalmarka. In kana da mataki na biyu, sai shafin ya ce kawo lambar da ta fito, ko wani ya kira ka ya ce shi ma'aikacin kamfanin ne. Da ka ba shi, cikin daƙiƙun nan 30 zai shige. Babu ma'aikacin gaskiya da zai tambaye ka wannan lambar. In ka ga lamba ta zo maka alhali ba kai ke ƙoƙarin shiga ba, wani ya riga ya sami kalmarka, ka canza ta nan take.

Haka wajen sayen lu'ulu'u. Lambar shaidar ɗan wasa, wadda ke ƙarƙashin sunanka a wasan, ita kaɗai ake bukata a loda maka. Mai sayarwar da ya ce sai ka ba shi Facebook ɗinka, ka bar shi da hajarsa. Aron asusu a fada ma ka daina, ko da amininka ne. Ba wai shi zai cuce ka ba, amma ba ka san mahaɗin da zai taɓa a tasa wayar ba.

Game da abokinka, kar ya biya duk wanda ya ce zai ƙwato masa asusun, yawancinsu damfara ta biyu ce. In da Facebook ya haɗa wasan, Facebook ɗin zai fara nema, ta shafin facebook.com/hacked, kuma ya yi hakan daga wayar da ya saba shiga da ita, don an fi saurin gane shi. Ya duba imel ɗinsa, sau da yawa akwai saƙon da aka turo lokacin da aka canza kalmar, da hanyar cewa ba shi ba ne. In ya dawo da Facebook, mai yiwuwa wasan ya biyo. In hakan ya gagara, ya rubuta wa sashen taimako na Garena, ya haɗa da lambar shaidarsa ta wasa da shaidar duk sayayyar da ya taɓa yi.