Ga ambaliya ga fari: yaya zan tsara lambuna?

Tambaya: Ina da ɗan fili a bayan gida. Yanzu ruwa kan sauko kamar da bakin ƙwarya ya kwashe ƙasa, sannan a yi makonni ba ko ɗigo, shuka ta ƙone. Akwai tsarin lambun da zai jure wannan sauyin yanayi, ko wahalar banza ce?

Amsa: Ba wahalar banza ba ce, sai dai kada ka fara da sayen iri. Fara da ruwa. Ranar da aka tafka shi, fita ka ga inda yake bi da inda yake kwanciya.

Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ke nan. Rufi mai murabba'in mita 50, in aka yi milimita 20, zai zubo da kusan lita 1,000, kuma galibi kwata take shanye shi. Sa indararo ya kai shi tanki mai murfi. Wanda ya tumbatsa ka ja shi zuwa wani ɗan kwari mai faɗi, zurfin santimita 15 zuwa 20, nesa da harsashin gini da aƙalla mita 3, don kada danshi ya ci bango.

Kafin ka haƙa, gwada ƙasar. Tona rami santimita 30, cika shi da ruwa, bari ya shanye, ka sake cikawa. In na biyun ya tsotse cikin kwana guda, wurin ya yi. In ya haura kwana biyu, laka ta yi yawa: saiwoyi za su ruɓe, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. To sai a rage zurfi, a ƙara faɗi, a cakuɗa takin gargajiya.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne barin ƙasa tsirara. Rana ta gasa ta, ɗigon ruwa ya daddaɓe samanta, sai ruwa ya riƙa gudu maimakon nutsewa. Lulluɓe ta da busasshiyar ciyawa ko ganye, kaurin santimita 5 zuwa 8, amma ka bar tazarar tafin hannu daga gindin shuka, in ba haka ba gindin zai ruɓe. Ka kuma rage yawan kaftu, domin kowace juyawa tana sakin danshi da iskar kabon (mai ɗumama yanayi) da ƙasa ta riƙe. Ruɓaɓɓen ganyen nan kusan rabinsa kabon ne, zamansa cikin ƙasa ya fi ƙona shi alheri nesa ba kusa ba.

Shuka kuwa, ka zaɓi irin da ya saba da yankinka, ka gauraya: bishiya ta yamma don tare zafin la'asar, dangin wake a tsakani don su ƙara wa ƙasa naitirojin (sinadarin da ke ciyar da shuka), masu fure domin ƙudan zuma. Masu son ruwa su zauna bakin kwarin, masu jure ƙishi can sama.

Ban ruwa da sassafe, a ƙoshe, jefi-jefi. Yayyafin kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, fari na zuwa ta bushe.