Ibada, Naci da Allurar da ke Gina Rijiya

Tambaya: Malam, wasunmu Kirista suna cewa "ibadar safe", wasu kuma "sujadar safe". Wanne ne daidai?

Amsa: Duka biyun daga Larabci Hausa ta aro su, amma ma'anarsu ba ɗaya ba ce. Asalin sujada shi ne kai goshi ƙasa. A bakin Kirista ta faɗaɗa har ta zama sunan taron masu bi, shi ya sa ake cewa "sujadar Lahadi" ko "an tashi daga sujada". Ibada kuwa saiwarsu ɗaya da "abdu", wato bawa, don haka bauta take nufi, a cikin taro ko a kaɗaice. Addu'a, azumi, karatun Littafi Mai Tsarki kafin a fita nema, duk ibada ne. Idan kai kaɗai ne a ɗakinka, na fi son ka ce ibada. Irinta ce a Markus 1:35, inda Yesu ya tashi tun da sauran duhu, ya tafi inda ba kowa, ya yi addu'a.

Tambaya: Fastonmu ya ce mu yi naci cikin addu'a. Kalmar ta tsaya mini a rai, don yaron da ya ishe mu muke kira mai naci. Ba gara a ce juriya ba?

Amsa: 'Yar'uwa, kunnenki bai yaudare ki ba. Naci kalma ce mai ɗan kaifi, har akan ce "nacin tsiya". Mai naci shi ne wanda aka sallama ya dawo, aka rufe masa ƙofa ya sake ƙwanƙwasawa. Juriya daban take, ita ɗaukar abin da ya faɗo maka ne ba tare da ka karaya ba. Mai juriya abu ne ya same shi, mai naci kuwa shi ne ke bin abu.

To duba Luka 18:1-8. Gwauruwa ce ta yi ta zarya wurin alƙalin da ba ya tsoron Allah, ba ya ganin kowa da gashi, har ya biya mata haƙƙinta don kada ta gajiyar da shi. Wace kalma za ki ba wannan in ba naci ba? Haka mutumin Luka 11 da ya tada abokinsa da tsakar dare yana roƙon gurasa uku. Yesu da kansa ya zaɓi waɗannan misalai masu kaifi, ban ga dalilin da za mu dushe su ba. Bambancin kawai, alƙalin don ƙosawa ya amsa, Allah kuwa ba ya ƙosawa da zaɓaɓɓunsa. A Daniyel 6 ma halayen biyu sun haɗu: an hana roƙon kowa sai sarki har kwana 30, Daniyel kuwa ya ci gaba da durƙusawa sau uku a rana yadda ya saba, ya kuma jure ramin zakoki.

Tambaya: Na daɗe ban yi ibadata ba, amma ina lallashin kaina da "sannu ba ta hana zuwa". Na yi daidai?

Amsa: Ɗan'uwa, ka yanke wa maganar wutsiya. Cikonta shi ne "sai dai a daɗe ba a je ba", kuma wanda ke kan hanya ake faɗa wa ita, ba wanda ya zauna ba. Wadda ta dace da kai ita ce "yau da gobe ta sa allura ginin rijiya". Abin da allura ke tonowa a yini bai cika farce ba, ƙarfin duk na yau da goben ne. Kalmar "kullum" ma daga "kulla yaumin" take, wato kowace rana. A Fitowa 16 an umarci Isra'ilawa su tara manna, wato abincin da Allah ya saukar musu a jeji, ta yini guda kawai, wadda aka ɓoye ta kwana sai ta yi tsutsa ta yi ɗoyi, in ban da ta rana ta shida da aka tanada domin Asabar. Kada ka ce sai ka rama duk abin da ya wuce a zama ɗaya. Littafin Karin Magana sura 31 ne, ka duba kwanan wata gobe da asuba, ka buɗe surar da ta yi daidai da shi.