Kwamfutoci 6, ɗalibai sama da 200: ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni ne shugaban wata makarantar firamare ta al'umma a Funtuwa. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ba mu kwamfutocin tafi-da-gidanka guda 6, alhali yaranmu sun haura 200. A taron iyaye kai ya rabu. Wasu na murna, wasu sun ce ranar da aka haɗa su da intanet za su cire 'ya'yansu, don ba su kawo su a ɓata musu tarbiyya ba. Ga kuma matsalar wuta. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam Hedimasta. Allah ya saka wa tsofaffin ɗaliban nan da alheri.

Iyayen da suka tsorata suna da hujja, kada ka yi musu kallon marasa wayewa. A 2007 shirin One Laptop Per Child ya raba wa yaran wata firamare a Abuja ƙananan kwamfutoci, ba a daɗe ba labari ya bazu har ƙasashen waje cewa yaran na kallon hotunan batsa da su. Sai daga baya aka yi maganar toshe shafukan. Amma in kun sake zama, ka yi musu tambaya ɗaya cikin ladabi: bayan Magariba, wayar wa yaron yake riƙe da ita a tsakar gida? Ta mahaifiyarsa ce ko ta yayansa, da TikTok da WhatsApp a buɗe, babu mai duba shi. Intanet ya riga ka shiga gidajen nan. Ajinka ne kaɗai wurin da za a zauna a koya wa yaro yadda zai kare kansa. Ka kuma tuna musu cewa tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma babu uban da zai so ɗansa ya fara taɓa linzamin kwamfuta ranar jarabawa.

Zangon farko kada ka haɗa intanet kwata-kwata. 'Yan aji 1 zuwa 3 ba sa buƙatar allon kwamfuta sosai, su ga sassanta, su san sunayensu, ya isa. Ka ba 'yan aji 4 zuwa 6 fifiko, yara 4 ko 5 a kan kowace, suna karɓa-karɓa. Su buga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, su ajiye, su nemo ta gobe. Akwai manhajar Scratch da jami'ar MIT ta Amurka ta ƙirƙira don koya wa yara haɗa shirye-shiryen kwamfuta, kyauta ce, kuma in an sauke ta sau ɗaya tana aiki ba tare da intanet ba. Maganar wuta kuwa, ka koma wurin tsofaffin ɗaliban ka roƙi ƙaramin sola na caji.

Darasin kare kai shi ne wanda ya fi damuna, kuma ba ya jiran wuta ko kwamfuta. A gidaje da yawa yaron ɗan aji 5 shi ne mai karanta wa kakarsa saƙon waya. Idan saƙo ya zo cewa an ci kyautar kuɗi, a turo lambar sirrin da banki ya aiko, bakinsa ne zai karanta lambar nan ga ɓarawo. Don haka malamin Hausa ya rubuta irin wannan saƙo a allo, ya tambayi aji: wa ya aiko? Yaushe Inna ta shiga gasar da har ta ci? Me ya sa yake gaggawa? Malamin addini ya ɗauki nasa ɓangaren, cewa tura hoton abokinka don a yi masa dariya cin mutunci ne, kuma yaɗa labarin da ba ka tabbatar ba laifi ne ko da a waya aka yi shi da yatsa. Su haddace abin da ba a bayarwa: adireshin gida, sunan makaranta, hoto, lambar BVN ko NIN ta iyaye. Su kuma san cewa Facebook da TikTok da kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi.

Akwai abin da nake roƙonka ka tsaya a kai da malamanka. Yaron da ya ga abin kunya, ko wani baƙo ya nemi hotonsa, in ya san bulala ce ke jiransa ba zai taɓa faɗa ba. Masu yaudarar yara da wannan tsoron suke riƙe su: "In ka faɗa, zan nuna wa babanka." Ka sa ya zama doka a makarantarka cewa wanda ya kawo rahoto ba a dukansa, ana gode masa. Ka ware malama ɗaya mai sanyin hali da 'yan mata za su iya samu a keɓe. Wannan ya fi kowace manhajar toshe miyagun shafuka amfani, domin ita manhajar iyakarta kwamfutar makaranta.

A zango na biyu, in za ku haɗa intanet, ya zama ta wayar malami, ya kunna lokacin darasi ya kashe in an tashi. A jera kwamfutocin yadda malami zai ga kowane allo daga inda yake tsaye. Ku fara da Nigeria Learning Passport, dandalin darussa da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF.

Ita ma makarantar ta kiyaye: kada a ɗora hotunan yara a shafinku sai da izinin iyaye, dokar kare bayanai ta 2023 ta tanadi neman izininsu kan bayanan yara. Sannan uban da ya fi kowa ɗaga murya a taron, shi za ka fara gayyata ya zauna a bayan aji ya ga darasin. Ka sa a shirya wa iyaye mata nasu zaman daban, ranar Asabar da hantsi, kowace ta zo da wayarta a nuna mata yadda ake sa mata makulli.