Haɗa Garwa da rassa shida a kan SD-WAN: me ya sa rassan ba sa ganin juna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ke da hedikwata a Garwa, arewacin Kamaru, da rassa a Marwa, Gider, Yagwa, Mokolo, Kuseri da Ngaundere. Mun yi kwangilar layin haya da wani kamfanin sadarwa wanda ya ce layin na wuri ɗaya ne zuwa wurare da yawa, megabit 30 a Garwa, megabit 10 a kowane reshe, kuma mun ƙara layin 4G a ko'ina don ko-ta-kwana. Da muka ɗora na'urorin SD-WAN, kowane reshe ya haɗu da Garwa, amma allon gudanarwa cike yake da jan gargaɗi tsakanin reshe da reshe, kiran murya daga Marwa zuwa Kuseri ba ya shiga, kuma manhajar lissafi tana tsayawa idan aka buɗe babban rahoto. Ta yaya ya kamata a saita wannan layi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bisa abin da ka bayyana, layin naka lafiyarsa lau, na'urorin ma haka. Matsalar ita ce ba a sanar da na'urorin irin layin da aka ɗora su a kai ba, shi ya sa suke neman abin da layin ba zai taɓa ba su ba.

Tsarin SD-WAN, wato haɗa rassan kamfani da na'urorin da manhaja ke sarrafawa daga wuri guda, hawa biyu ne. A ƙasa akwai layukan da ka yi haya, a sama kuma akwai bututan IPsec, wato rufaffun hanyoyin aika bayanai a asirce, da na'urorinka ke ginawa tsakaninsu bisa umarnin na'urar gudanarwa. Ƙungiyar MEF, wadda ta tsara ƙa'idojin hayar layin Ethernet, ta kasa wannan hidima gida uku: E-Line mai haɗa wuri biyu kaɗai, E-LAN inda kowa ke iya kaiwa ga kowa, da E-Tree inda ake da tushe da ganyaye. A E-Tree tushe yana magana da kowane ganye, ganye yana magana da tushe, amma kamfanin sadarwa da gangan yake toshe duk wani fakiti, wato ƙunshin bayanai, da ya taso daga ganye zuwa ganye. Alamun da ka lissafa na E-Tree ne, ko kuma na tarin layukan E-Line da aka tattaro kan mashiga ɗaya a Garwa, kowanne da lambar VLAN tasa, wato lambar da ke ware zirga-zirgarsa daga ta sauran. Kafin ka taɓa saiti ko ɗaya, ka nemi su rubuto maka wanne ne daga cikin biyun, domin ɗan kasuwar da ya kawo kwangila sau da yawa da suna ɗaya yake kiransu, alhali rabon adireshinsu ya bambanta. Idan VLAN ɗaya ce ga kowa, za ka zuba dukkan wuraren cikin rukunin adireshi guda, misali 10.20.0.0/28, wanda ke ɗaukar na'urori 14. Idan kowane reshe da tasa VLAN, sai ka buɗe ƙananan mashigai shida a na'urar Garwa, kowace da rukunin /30.

Yawancin na'urorin SD-WAN, idan ba a hana su ba, suna ɗauka cewa duk wanda suka ji labarinsa za su iya kaiwa gare shi. Wurare bakwai da ke son haɗuwa kowa da kowa suna buƙatar haɗi 21, kuma da yake kowane wuri yana da layi biyu, na'urar za ta gwada haya da haya, haya da 4G, 4G da haya, da 4G da 4G, wato bututu 84 ke nan. Abin da kake buƙata a zahiri 12 ne: shida a kan layin haya, shida a kan intanet, duka suna ƙarewa a Garwa. Saura 72 ɗin su ne tushen jan da ke cika maka allo, kuma ba ado kawai suke ɓatawa ba, domin kowane bututu da na'urar ke ƙoƙarin tayarwa yana aika saƙon BFD, na gwada ko ɗaya ɓangaren na raye, ba dare ba rana, wanda a kan 4G kuɗin data ne ke zuba.

Gyaran mataki biyu ne, kuma mutane da yawa suna yin na farko su manta da na biyu. Na farko shi ne a hana gina bututun da ba zai tashi ba. A tsarin Cisco, wanda ya samo asali daga kamfanin Viptela da suka saya a 2017, kowace mashigar waje tana da laƙabin launi, kuma idan ka sa wa layin haya launi na keɓe tare da umarnin restrict, ba zai ƙara neman haɗuwa da launin 4G ba. Daga nan sai ka rubuta dokar tsakiya a na'urar vSmart, mai rarraba wa rassa labarin hanyoyi, wadda za ta tace abin da ake sanar da rassa, ta yadda kowane reshe ba zai ji labarin mashigar kowa ba sai ta Garwa. A na'urorin FortiGate abin da za ka kashe a kan wannan layi shi ne gajerun hanyoyin ADVPN, masu haɗa reshe da reshe ba tare da bi ta hedikwata ba, a VeloCloud kuma zaɓin haɗa reshe da reshe kai tsaye. Mataki na biyu shi ne a nuna wa rassan hanyar da za su bi su kai ga juna. Idan ka ɓoye wa Marwa mashigar Kuseri amma ka bar sanarwar adireshin Kuseri tana nuni ga waccan mashiga da aka ɓoye, na'urar Marwa za ta ɗauki hanyar a matsayin matacciya ta yar da ita, kuma kiran da ya ƙi shiga jiya zai ci gaba da ƙin shiga duk da allon ya koma kore. Dole ne dokar ta sauya madosar hanyar zuwa Garwa, ko kuma Garwa ta sanar da rassa taƙaitacciyar hanya guda, kamar 10.0.0.0/8, wadda ta ƙunshi dukkan adireshin kamfanin. Ni na fi son taƙaitacciyar hanya ga kamfani mai girman naku, saboda duk wanda ya gaje ka a wannan aiki zai gane ta da kallo ɗaya.

Idan kana gudanar da OSPF, tsarin da na'urori ke sanar da juna hanyoyi da shi, a kan layin hayar kansa, kada ka bar shi a yanayinsa na asali na Ethernet, inda na'urori ke zaɓen shugaba a tsakaninsu, domin ganyen da ba ya jin sauran ganyaye yana iya naɗa kansa. Ka mai da mashigar nau'in point-to-multipoint, ko ka sa wa rassa fifiko 0.

Yanzu ga inda na fi so ka daɗe, wato faɗin layi. Da zarar komai ya koma bi ta Garwa, kiran Marwa zuwa Kuseri zai ci layin hedikwata sau biyu, shiga da fita, kuma rassa shida masu megabit 10 kowanne suna iya neman 60 daga layin da ke da 30. Wannan rabo ba laifi ba ne, domin da wuya su cika layukansu lokaci guda. Haɗarin ya fi yawa ta ɗaya ɓangaren: Garwa na iya tura wa Gider bayanai da gudun megabit 30 alhali ƙofar Gider 10 take ɗauka, kamar a juye buhun gero a bakin tulu. Na'urar kamfanin sadarwa ba ta jira ba ta tantancewa, duk abin da ya haura adadin kwangila zubar da shi take yi, ko muryar manaja ce ko sabunta Windows. Saboda haka dole ne ragewar ta faru a na'urarka, inda kake da ikon zaɓar abin da zai fara wucewa. Ka saita iyakar gudu ga kowane bututu daban a Garwa, ka tsayar da ita ƙasa kaɗan da adadin kwangila, misali megabit 9 ga layin 10, domin lissafin kamfanin ya haɗa da kawunan Ethernet da na IPsec, wato ƙarin bayanan da ake liƙa wa kowane fakiti, waɗanda naka lissafin ƙila bai ƙirga ba. A cikin wannan iyaka ka ba murya layin gaba da alamar fifiko ta DSCP 46, manhajar lissafi ta biyo baya, sauran su raba abin da ya rage. Ƙa'idar G.114 ta hukumar ITU ta ba da shawarar kada jinkirin murya ya wuce milisakan 150 a tafiya ɗaya, kuma tunda kiran reshe da reshe zango biyu ne, jimillar zangon biyu za ka auna. Zirga-zirgar da ba ta shafi sabar hedikwata ba, irin su WhatsApp da imel na gajimare, ka bar ta ta fita intanet daga reshen kai tsaye.

Rahoton da ke tsayawa kuwa kusan tabbas batun girman fakiti ne. Ethernet na ɗaukar bayit 1500, IPsec na ƙara wasu gommai a kai, sai babban fakiti ya kasa wucewa alhali ƙananan, irin na shiga manhaja da kalmar sirri, suna wucewa lafiya. Daga kwamfutar Windows a Yagwa ka buga ping -f -l 1472 zuwa sabar Garwa. Idan ya amsa cewa fakitin na buƙatar a raba shi, ko ya yi shiru, ka riƙa rage lambar har ya wuce. Saitin da aka saba da shi, MTU (iyakar girman fakiti) 1400 a bututu da MSS (iyakar bayanan da ke cikinsa) 1360, yana warware mafi yawan irin wannan.

Game da 4G, kamfanonin waya galibi suna ɓoye abokan cinikinsu bayan adireshi na tarayya, sau da yawa daga rukunin 100.64.0.0/10, don haka reshe ne zai iya kiran Garwa, Garwa ba za ta iya fara kiran reshe ba. Hedikwata na buƙatar layin intanet mai tsayayyen adireshi na fili. Kada kuma ka ɗauka kusancin gari shi ne kusancin hanya, domin fakitin da ya taso daga MTN a Gider zuwa layin Camtel ko Orange a Garwa yana iya gangarawa kudu kafin ya dawo, kuma traceroute, umarnin da ke lissafa zangunan da fakiti ya bi, zai nuna maka. Wannan shi ma dalili ne na kada ka yi gaggawar buɗe bututun reshe da reshe a kan 4G da tunanin gajarta hanya. Idan wata rana kuka buɗe reshe a Njamena, ko da yake gada ce kawai tsakaninta da Kuseri, ka shirya haɗa shi ta intanet na Airtel ko Moov Africa, sai dai idan kamfanin layin ya tabbatar a rubuce cewa hidimarsa tana ƙetare iyaka.

Rauni mafi girma a wannan tsari shi ne Garwa kanta, domin idan na'urarta ta mutu rassa shida sun rabu da juna gaba ɗaya. Wutar arewacin Kamaru ta dogara ƙwarai da madatsar Lagdo, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da ruwa ya ja baya zafi kuma ya haura digiri 40, ɗaukewar wuta da zafin ɗakin na'urori kan zo tare. E-Tree yana yarda da tushe fiye da ɗaya, don haka ka tambayi kuɗin mai da Ngaundere tushe na biyu, ka sanar da taƙaitacciyar hanyar daga can da ƙaramin fifiko. Ka tabbatar kuma kowace na'ura tana karɓar lokaci daga sabar NTP, mai daidaita agogo, da ke cikin gida, saboda na'urar da ta tashi bayan doguwar ɗaukewar wuta da agogo a karkace tana iya ƙin takardar shaidar na'urar gudanarwa, ta zauna ba haɗi alhali layi na aiki.

Idan na'urar gudanarwarku tana gajimare a Turai, ka tuna da ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS, SAT-3, ACE da MainOne suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Kamaru na cikin ƙasashen da abin ya shafa. A irin wannan rana layin hayarku na cikin gida zai iya kasancewa lafiya, amma rassan sun rasa mai ba su umarni. A tsarin Cisco na'urori suna riƙe hanyoyin da suka sani na tsawon sa'o'i 12 bisa saitin asali, kuma ana iya tsawaita wa'adin zuwa kwanaki, da sharaɗin lokacin sauya makullin IPsec ya zama aƙalla ninki biyu nasa. Ka gwada wannan da kanka a daren da ba a ciniki: ka toshe hanyar zuwa na'urar gudanarwa daga Mokolo, ka duba ko manhajar lissafi na ci gaba da buɗewa, sannan ka zare wayar layin haya ka ƙirga daƙiƙun da 4G zai ɗauka kafin ya karɓi aikin.