Wa zai biya kuɗin cire robar silikon da ta lalace a mama?

Tambaya: Likita, ina zaune a Ingila. A 2008 na biya aka sa min robar silikon a mama a wani asibitin kuɗi, yanzu kuma asibitin ya rufe. Na ji an ce wasu robobin wancan lokacin jabu ne, hankalina ya tashi. Ba na jin ciwon komai, shi ya sa yayata ta ce in bar abin kawai. In cirewa ta zama dole, wa zai biya?

Amsa: 'Yar'uwa, ki fara da lalubo katin da aka ba ki bayan tiyata, a jikinsa sunan kamfanin robar yake. Wadda ake maganar ita ce ta PIP, kamfanin Faransa da aka haramta kayansa a watan Maris na 2010, bayan an gano yana cika robar da silikon na masana'antu maimakon wanda aka amince a sa a jikin mutum. Mai kamfanin, Jean-Claude Mas, kotun Marseille ta yanke masa ɗaurin shekara huɗu a 2013.

A ra'ayina wanda ya karɓi kuɗinki ya sa miki kayan, shi ya kamata ya cire. Amma da yawa daga asibitocin sun zame, wasu sun durƙushe, kamfanin kansa ya ruguje. Faransa ta shawarci matanta kusan 30,000 su cire a Disambar 2011, inshorar lafiyar gwamnati ta ɗauki kuɗin cirewar, sabuwar roba kuwa sai ga waɗanda aka yi wa gyara bayan cutar kansa. A Ingila, in asibitin kuɗi ya ƙi ko ya rufe, NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, tana cire robar PIP idan likita ya ga buƙata, amma ba ta sa wata. In da katin bashi na banki kika biya, sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 yana ɗora wa bankin alhaki, sai dai shekaru sun ja, ki nemi lauya kafin ki sa rai. Wasu matan kuma sun bi TÜV Rheinland, kamfanin Jamus da ya ba PIP takardar inganci, kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta same shi da laifin sakaci a 2021.

Yanzu maganar yayarki, wadda nake ji kusan kullum har ta gundure ni. Rashin ciwo ba shaidar lafiya ba ne. Jiki yakan yi wa robar wani tantani ya kewaye ta, to ko ta fashe silikon ɗin yana iya zama cikin tantanin shekara da shekaru, maman bai canja kama ba, ba zafi, ba kumburi. Ko hannun likita ba ya ganewa da tabbas, sai hoton MRI ko sikanin. Mace tana zaune tana cewa lafiya lau, sai ranar da ta ji ƙullutu a hammata, silikon ya riga ya kai ga kaluluwa, aikin da zai zo da sauƙi ya zama na kankara da yanka. Binciken Sir Bruce Keogh, daraktan lafiya na NHS a lokacin, na 2012 bai ga alaƙar PIP da cutar kansa ba, ki kwantar da hankali ta nan, amma ya nuna tana fashewa aƙalla ninki biyu na sauran. Taki kuma ta haura shekara goma sha biyar, kowane kamfani ya yi ta.

Su kuma masu tallan man shafawa da jiƙo a TikTok, wai suna narkar da silikon ya fita ta fitsari, ƙarya ce tsagwaronta. Silikon ba ya narkewa a jiki. Murzar da suke cewa a yi safe da yamma tana iya ƙara tura shi cikin nama.

Ki je wurin likitan unguwarku cikin makon nan, da katin tiyatar ko babu shi, ki gaya masa shekarar da aka yi aikin da cewa asibitin ya rufe, ki ce ya tura ki a yi hoto.