Abin da Halitta ke Faɗi Game da Allah, da Inda Take Yin Shiru

Ƙanena, barka da samun gurbin karatu. Ka ce za ka zo Ingila yin digiri na biyu a ilimin halittu, dattawan majami'arku kuma suna fargabar kada kimiyyar Turawa ta raba ka da bangaskiyarka. Ka tambaya ko halitta kaɗai za ta ishe ka hujja a gaban abokan karatu cewa akwai Allah, da kuma abin da ya kamata ka riƙe kafin ka hau jirgi.

Fara da sanin mutanen da za ka tarar. A gida, kai da maƙwabcinka Musulmi ba ku taɓa gardama kan ko akwai Mahalicci ba, shi ma rana da ruwan sama ayoyin Allah ne a wurinsa. Inda kuka rabu shi ne wane ne Yesu. A nan abin ya sha bamban. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales, kashi 46.2 cikin ɗari ne suka ce su Kirista ne, kashi 37.2 kuma suka ce ba su da addini. Yawancin waɗannan ba faɗa suke yi da addini ba, zancen ne bai dame su ba sam. Idan ka nuna musu sama ka ce ga shaida, za su saurare ka cikin ladabi, su koma kan kofinsu.

Don haka ka san ainihin abin da Littafi Mai Tsarki ya ɗora wa halitta, kada ka ƙara mata kayan da ba nata ba. A Romawa 1:19-20 Bulus ya ambaci abu biyu da ake gani ta wurin abubuwan da aka yi: ikon Allah madawwami da allahntakarsa. Zabura 19 ta ce sammai suna shelar ɗaukakarsa ba tare da murya ba, amma shelar ta kai iyakar duniya. A Listira, wurin mutanen da ba su san Attaura ba, Bulus bai buɗe musu annabawa ba, ruwan sama da damina mai albarka da abinci ya nuna musu (Ayyukan Manzanni 14:17). Farawa 8:22 ta ƙara da aminci, cewa shuka da girbi, sanyi da zafi, ba za su fasa ba. Farawa 1 kuwa ta sa rana da wata cikin jerin abubuwan da aka yi a rana ta huɗu, alhali al'ummai na kewaye da Isra'ila sujada suke yi musu. Ke nan halitta tana shaida iko, hikima, kirki da aminci, tana kuma shaida cewa ita kanta ba Allah ba ce.

A nan shaidarta ta tsaya. Idan ka ɗauki babbar riga mai aska takwas ka duba ɗinkinta, za ka san mai aikin gwani ne, mai haƙuri, mai ido. Amma rigar ba za ta faɗa maka sunansa ba, balle ko zai yafe maka bashin da yake binka. Ba wanda ya taɓa leƙa madubin ƙara girma ya hango gafarar zunubi, ko Triniti, ko tashin Almasihu daga matattu. Masu tauhidi suna kiran shaidar halitta wahayi na kowa da kowa, inda ake samun waɗannan abubuwa kuma wahayi na musamman, wato Nassi da Yesu kansa. Ita ma Zabura 19 a aya ta 7 take barin zancen sammai ta koma kan shari'ar Ubangiji mai rayar da rai. Bulus ma bai ce halitta tana ceto ba, cewa ya yi tana hana mutum uzuri.

Ikilisiyoyi ba su auna wannan da mudu ɗaya ba, kuma za ka ji bambancin a nan. Majalisar Vatican ta farko, babban taron shugabannin Katolika, a 1870 ta koyar cewa hankalin ɗan Adam na iya sanin Allah tabbas daga abubuwan da aka halitta. John Calvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko, ya ce shaidar tana nan a fili, amma zunubi ya dushe idon mutum har sai ya sa tabarau na Nassi. Karl Barth, malamin tauhidi na Furotesta, ya fi kowa tsauri: a 1934 ya yi fatali da ra'ayin takwaransa Emil Brunner na neman Allah ta hanyar halitta, a daidai lokacin da wasu Kiristocin Jamus ke karanta nufin Allah daga jini da ƙabila. A ganina Barth ya wuce gona da iri, amma tsoronsa yana da tushe. Mutum yakan dubi halitta ya ga abin da zuciyarsa ke so.

Kuskuren da ya fi kayar da ɗalibai masu bi shi ne ajiye Allah a gurbin da kimiyya ba ta cike ba tukuna. Masanin kimiyya Isaac Newton ya yi tunanin cewa tafiyar duniyoyi a kewayen rana tana bukatar Allah ya riƙa gyara ta lokaci lokaci. Kusan shekara ɗari bayansa masanin lissafi Laplace ya nuna da lissafi cewa tsarin na iya riƙe kansa. Wanda ya jingina bangaskiyarsa a wannan gurbi, ranar da aka cike shi sai ya faɗi. Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam da ya kawo bayanin faɗaɗar sararin samaniya a 1927, ya gane wannan tarko. Da Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 kamar binciken ya tabbatar da labarin Farawa, Lemaître bai ji daɗi ba, don bai so a ɗaure bangaskiya a wuyan nazariyyar da gobe za a iya gyarawa.

Koyarwar Kirista ita ce Allah yana aiki a cikin abin da aka gane bayaninsa kamar yadda yake aiki a wanda ba a gane ba (Kolosiyawa 1:16-17). Dubi gawo. Da damina, lokacin da kowace bishiya ke yin kore, shi zubar da ganye yake yi, gero ya samu rana a ƙarƙashinsa. Da rani ya yi ganye da 'ya'ya, dabbobi su samu abinci da inuwa. A saiwarsa akwai ƙananan ƙulli-ƙulli inda ƙwayoyin bakteriya ke kama iskar naitirojin su mai da ita taki. Malaminka zai bayyana maka wannan daki-daki, kuma gaskiya zai faɗa. Sanin yadda abin ke gudana bai rage wa manomi dalilin godiya ko kaɗan ba. Saboda haka a takardar jarrabawa, idan an tambaye ka yadda abu ke faruwa, rubuta yadda yake faruwa. Ka rubuta "ikon Allah ne" a wurin, ba maki za ka samu ba, kuma ba tsanantawa aka yi maka ba, tambayar ce ba ka amsa ba.

Tambaya mafi nauyi kuwa daga gida za ta biyo ka. Malamai a nan suna son misalin sikila idan suna koyar da zaɓin yanayi, wato yadda halin gado da ke taimaka wa mai shi ya rayu ke yawaita a cikin zuriya: mai jinin AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ƙwayar gadon ta yawaita inda sauro ya yi yawa, amma idan AS biyu suka yi aure, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wani a ajin zai ce maka, wanda ya tsara ido, shi ne ya tsara wannan ma? Darwin kansa, mai nazariyyar zaɓin yanayi, irin wannan tambaya ce ta dame shi. A wasiƙarsa ga abokinsa Asa Gray, masanin tsirrai, a 1860 ya kawo zancen wani zanzaro da tsutsotsinsa ke cin wata tsutsa tana da rai. Kada ka yi gaggawar ba da amsa mai santsi, musamman kai da ka san yadda yaro mai sikila ke kwana yana kuka. Romawa 8:20-22 ta yarda cewa halitta tana nishi kamar mai naƙuda, tana jiran 'yanci. A Ayuba 38 zuwa 41 Allah ya zagaya da Ayuba cikin dabbobin jeji, amma bai faɗa masa dalilin wahalarsa ba. Abin da Kirista ke da shi a nan gicciye ne, Allah da ya shiga wahalar da kansa, wannan kuma ba daga kallon halitta aka samo shi ba.

Game da kwanaki shida na Farawa, za ka tarar da masu bi na gaske a ɓangare uku: masu cewa kwanaki ne na awa 24 kuma duniya ba ta daɗe ba, masu cewa kowace rana dogon zamani ce, da masu cewa juyin halitta hanya ce da Allah ya yi aiki da ita, kamar Francis Collins da ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam. Karanta kowane ɓangare daga bakin masu shi, kada ka tsaya ga abin da abokan hamayyarsu suka ce. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya yi gargaɗi cewa Kirista da ke tafka shirme kan taurari da dabbobi da sunan Nassi yana sa masu ilimi su raina Nassin.

Da ka sauka, nemi majami'a a makon farko, kafin aikin makaranta ya danne ka. Kusan kowace jami'a tana da zumuntar ɗalibai Kirista. Akwai ƙungiyar Christians in Science ta masana kimiyya masu bi, akwai kuma Cibiyar Faraday a Cambridge, da aka kafa a 2006, mai shirya gajerun kwasa-kwasai kan kimiyya da addini. Ka taho da Littafi Mai Tsarki na Hausa a jakarka, don ba kasafai ake samunsa a shagunan nan ba. Ka gaida Baba da dattawan majami'a, ka nuna musu wannan amsa idan hankalinsu bai kwanta ba.