Amsa ga Hajiya kan hayaƙin gawayi, jaririn da ke ciki, da murhun da ke jan mutum

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, 'yan uwa na wannan zaure. Hajiya, barka da asuba, ina fatan kun tashi lafiya, ya kuma jikin mai juna biyu? Na saurari saƙonki na daren jiya, inda kika ce surukarki tana da cikin wata shida, kuma duk lokacin da ta hura kurfoti, wato murhun gawayi, a barandar gidanku da ke Aboabo a Kumasi sai tari ya turnuƙe ta, shi ya sa ɗanki ya sayo mata murhun lantarki da hitar dafa ruwa, amma yanzu murhun yana jan ta idan ta taɓa tukunya. Kin tambaya ko hayaƙi yana kaiwa ga jaririn da bai fara shaƙar iska ba tukuna. Na kuma ji amsar Malam, da ya ce ta ajiye kayan wuta ta koma gawayi, tunda a gindin murhu iyayenmu suka haife mu. Malam, Allah ya ƙara girma, na yarda da kai cewa kada ta sake taɓa murhun nan daga yau har sai an duba shi, sai dai ina neman izinin in saɓa maka a kan komawa gawayi, kuma zan kawo dalilina daga abin da masu bincike suka gano, wani ma a nan ƙasarmu Gana aka yi shi.

Gaskiya ne, Hajiya, jariri ba ya numfashi da huhunsa a cikin mahaifa. Iskar da yake rayuwa da ita daga jinin uwa take zuwa masa ta mabiyiya da igiyar cibiya. Amma a wannan lokacin ne ake ƙera huhun. Tun wajen mako na 4 yake fara tsirowa, zuwa mako na 16 ko 17 manyan hanyoyin iska sun gama rarrabuwa, daga nan sai ƙananan jijiyoyin jini su fara kewaye wuraren da za su riƙa karɓar iska bayan haihuwa. Wajen mako na 24, wato daidai inda surukarki take yanzu, huhun yake fara samar da wani sinadari mai santsi da likitoci ke kira safaktan, wanda ke hana ƙananan jakunkunan iska mannewa idan an fitar da numfashi, kamar yadda jiƙaƙƙiyar leda ke mannewa ta ƙi buɗuwa. Sinadarin ba ya wadata sai wajen mako na 34 ko 35, shi ya sa bakwaini ke shan wahalar numfashi. Wata likita Ba'amurkiya, Mary Ellen Avery, tare da abokin aikinta Jere Mead, su ne suka nuna a 1959 cewa ƙarancin wannan sinadari ne ke kashe jariran da aka haifa kafin lokaci.

To ta ina hayaƙi ke shiga? Gawayi da itace idan suna ci suna fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma ba ta da launi, kuma gawayin da ya yi jajir ba ya hayaƙi yana fitar da ita sosai. Wannan iska tana kama jini fiye da iskar oksijin sau sama da 200, tana ratsa mabiyiya, kuma jinin jariri ya fi na uwa riƙe ta, ya fi kuma jinkirin sakinta. Ban da ita akwai ƙananan ɓurɓushin hayaƙi da ido ba ya gani, waɗanda ke shiga can cikin huhun uwa su tayar da kumburi a jikinta, kumburin kuma ya taɓa aikin mabiyiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, daga cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000.

Binciken da na fi so ku ji shi ne wanda Cibiyar Binciken Lafiya ta Kintampo ta yi tare da Jami'ar Columbia ta Amurka, wanda aka fara a 2013. Sun ɗauki mata masu juna biyu sama da 1,400 daga ƙauyuka 35 na yankin Kintampo, suka ba wasu murhun gas, wasu ingantaccen murhun itace, wasu kuma suka ci gaba da murhunsu na gargajiya, sannan suka riƙa rataya wa matan ƙaramar na'ura mai auna yawan gubar da suke shaƙa har na tsawon awa 72 a kowane zagaye. Bayan haihuwa, sun auna numfashin jarirai kusan 400 suna da kwana 30 a duniya. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna cewa jariran da uwayensu suka fi shaƙar kabon monoksaid lokacin goyon ciki, huhunsu ya fi rauni tun a wannan watan na farko, abin ya fi bayyana ga 'ya'ya mata, kuma masu raunin huhun sun fi kamuwa da ciwon namoniya kafin su cika shekara. Hajiya, wannan ita ce amsar tambayarki, kuma a kan matan ƙasarmu aka same ta.

Akwai ɓangare na biyu na binciken da ya wajaba in faɗa, domin duk wanda ya ɓoye shi bai yi adalci ba. Da aka kwatanta gidajen da aka ba gas da waɗanda ba a ba ba, gubar da matan ke shaƙa ta ragu da kusan rabi, amma ba a ga bambanci mai ƙarfi ba a nauyin jarirai lokacin haihuwa ko a yawan namoniya mai tsanani. Wani babban gwaji na murhun gas da aka yi a gidaje 3,200 a Gwatemala, Indiya, Peru da Ruwanda shi ma bai ga ƙarin nauyin jarirai ba a sakamakonsa na 2022. Wani zai ji haka ya ce ashe Malam ne ke da gaskiya. A ganina ba haka abin yake nufi ba. A Kintampo, ɓurɓushin hayaƙin da matan ke shaƙa bai sauko zuwa mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya ba ko bayan an ba su gas, kuma mu da muke zaune a gidajen haya na Zango mun san yadda hakan ke faruwa: ko ke kin daina hura wuta, maƙwabciyarki tana dafa wake da shinkafa a bakin ƙofarki, wata tana suyar ƙosai, ga shara ana ƙonawa a bayan gida, da dare kuma a kunna maganin sauro na hayaƙi da turaren wuta a rufe taga. Haka kuma yawancin matan sai da cikinsu ya yi nisa suka karɓi sabon murhu, bayan an riga an aza harsashin huhun. Abin da na ɗauka daga nan shi ne sauya murhu kaɗai bai isa ba, sai an rage hayaƙin da ke kewaye da mai ciki duka, kuma da wuri. Saboda haka ɗanki ya yi tunani mai kyau, abin da ya rage shi ne a gyara wutar.

Wutar da kamfanin ECG ke kawo mana gida tana da ƙarfin bolt 230. Abin da ke kashe mutum shi ne yawan wutar da ta ratsa jikinsa, ana kuma auna ta da miliyamfa. Wani farfesa a Jami'ar Kalifoniya, Charles Dalziel, ya shafe shekaru yana auna wannan, kuma daga aikinsa da na waɗanda suka biyo bayansa aka san cewa mutum yana fara jin wuta a wajen miliyamfa 1, daga 10 zuwa 16 tsokar hannu tana ƙanƙamewa har ya kasa sakin abin da ya riƙe, daga 50 zuwa 100 kuma bugun zuciya yana iya hargitsewa. Busasshiyar fata tana tare wuta sosai, amma jiƙaƙƙen hannu da ƙafa ba takalmi a kan simintin da ya sha ruwa suna iya barin sama da miliyamfa 200 su wuce. Ku dubi yadda mace take a wurin girki, hannu a jiƙe, ƙasa a jiƙe, tukunya ta ƙarfe.

Idan murhu yana jan mutum, abu biyu ne suka haɗu: wuta tana zurarowa daga cikinsa zuwa gangar ƙarfen, kuma wayar ƙasa da ya kamata ta ɗauke wannan wutar ba ta aiki. Ƙafa ta uku da ke saman fulogi, wadda ta fi sauran tsawo, aikinta ke nan, kuma abin takaici ne yadda ake karya ta ko a tura tsinke a soket don fulogi mai ƙafa biyu ya shiga, ko a ja doguwar waya mai araha daga ɗaki zuwa baranda a ɗora mata murhu da hita da firji. Mutane da yawa suna ɗauka fis ko makatsar da ke kusa da mita za ta cece su. Fis ɗin fulogi ba ya ƙonewa sai wuta ta haura amfa 13, wato miliyamfa 13,000, don haka aikinsa kare waya daga gobara ne, mutum kuwa ya daɗe da cutuwa kafin ya motsa. Abin da ke kare rai ita ce na'urar da masu sana'ar ke kira RCD, wadda ke katse wuta cikin ƙiftawar ido da zarar miliyamfa 30 sun zurare, kuma tana da maɓallin gwaji da ya kamata a riƙa dannawa lokaci zuwa lokaci a ga ko tana aiki.

Hajiya, ki ce wa ɗanki ya nemo mai gyaran wuta da ke da lasisin Hukumar Makamashi, domin tun dokar haɗa wayoyin lantarki ta 2011 doka ta ce masu takardar shaida ne kaɗai za su yi wannan aiki, kuma ba rashin kunya ba ne a ce ya nuna katinsa. Ya auna wayar ƙasa ta gidan, ya duba murhun, ya sa masa soket nasa a bango, ya kuma sa RCD. Idan gidan haya ne, a zauna da mai gida da sauran 'yan haya, tunda waya ɗaya ce ta ratsa ɗakunan kowa. Ita kuwa hitar da ake tsomawa a bokiti, ina roƙonku ku raba ta da ita gaba ɗaya, ku sayi butar lantarki mai murfi, domin sau da yawa mace takan tsoma yatsa ta ji ko ruwa ya yi zafi alhali hitar tana kunne, yara kuma suna rarrafe kusa da bokitin.

Abu mafi gaggawa shi ne, tunda wuta ta riga ta ja ta, ta je asibiti yau, ko Manhyia ko Komfo Anokye ko inda take awo, ta faɗa wa ungozoma abin da ya faru a saurari bugun zuciyar jariri. Ba na so hankalinku ya tashi: wani bincike da aka yi a Toronto, aka buga a 1997, ya bi mata 31 da wuta ta ja suna da ciki, kuma mafi yawansu sun haihu lafiya. Amma wutar da ta shiga ta hannu ta fita ta ƙafa tana bi ta kan mahaifa, ruwan da jariri ke ciki kuma yana ɗaukar wuta, saboda haka dubawa ta zama dole, musamman idan ta ga jini, ko ciwon mara, ko motsin jariri ya ragu. Tun 2008 awo da haihuwa suna cikin inshorar lafiya ta ƙasa ga masu ciki, kada tunanin kuɗi ya tsayar da ita. Ta kuma ambaci tarin, a duba ƙirjinta. Idan Allah ya ƙaddara naƙuda ta taso tsakanin mako na 24 da 34, a garzaya babban asibiti ba tare da jira ba, domin akwai allurar dexamethasone da ake yi wa uwa don huhun jariri ya yi saurin nuna. Likitoci biyu a Niyu Zilan, Graham Liggins da Ross Howie, suka fara tabbatar da amfanin irin wannan allura a 1972, kuma gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 2020, wanda Najeriya da Kenya suna cikin ƙasashen da aka yi shi, ya nuna tana rage mutuwar bakwaini a asibitoci irin namu.

Kafin a gama gyaran, ko ranar da aka ɗauke wuta, idan babu gas kuma dole sai gawayi, to a hura kurfoti a fili inda iska ke kaɗawa, wani ya yi fifitar, ita kuma ta tsaya ta inda iska ke fitowa. Kada a shigar da garwashi ɗaki don jin ɗumi lokacin hunturu, kada a tayar da janareta a baranda ko a lungun gida. A kai shi waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, domin gubar da ke cikin gawayi ita ce ke fita daga salansarsa, da yawa kuma. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya da suka kama mutanen ɗaki ɗaya a lokaci guda alama ce ta wannan guba, a fita waje nan take.

Sannan kowa a gidan, har yara masu wayo, ya san inda babban makunnin wuta yake. Idan wuta ta kama mutum, ba a taɓa shi da hannu. A kashe makunnin, in bai yiwu ba a ture shi da busasshen katako ana tsaye a busasshen wuri, a kira 112, in kuma ba ya numfashi a fara danna masa ƙirji. Ba a ɗura masa madara ko ruwa, kuma ba a watsa ruwa ga gobarar da ta tashi daga waya sai an katse wutar. Hajiya, idan kun dawo daga asibiti ki sanar da mu abin da ungozoma ta ce, idan kuma mai gyaran ya zo, ki turo mini hoton akwatin makatsun gidan in taya ku dubawa ko akwai RCD a ciki. Allah ya raba lafiya. Wassalamu alaikum.